Ɗan Nijar a Legas: katin zama na ECOWAS yana nan ko ya tafi da ficewar Nijar?

Ɗan Madawa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tambaya gare ni, kuma don Allah wanda ya san abin ya ba ni amsa, ba wanda ya ji a bakin tasha ba. Ni mutumin Nijar ne, daga ƙasar Madawa. Sana'ar albasa nike a Mile 12 tun ina saurayi, ga shi yau har furfura ta fito. Makon jiya anka kira ni daga banki wai in zo in sabunta bayanaina. Yarinyar da ke kan tebur ta buɗe fasfona, ta juya shi gaba da baya, ta ce ina takardar izinin zama? Na ce mata ai ni ɗan ECOWAS ne. Ta ce Baba ai ƙasarku ta fita. Ta ba ni lokaci in kawo, in ba haka ba za a rufe asusun, kuma nan ne 'yan sari suke turo mini kuɗi. Da na koma kasuwa wani ya ce in ba shi wani abu ya samo mini takardar ƙaramar hukuma daga jihar Sakkwato, in koma ɗan Najeriya a huta. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Mi ya kamata in yi?

Baban Ummi Agege: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni a ganina mutumin nan gaskiya ya gaya maka. Wa zai kalle ka ya bambanta ka da mutumin Illela? Harshe ɗaya, addini ɗaya, kamanni ɗaya. Tsakanin Ƙonni da Illela ma mutane a ƙafa suke tsallakawa su ci kasuwa su koma. Turawa ne suka ja layi. Ka karɓi takardar ka yi NIN ɗinka, magana ta ƙare.

Barista: Baban Ummi, don girman Allah kada mu ba Alhaji wannan shawara. Gaskiya ne Ingila da Faransa ne suka raba iyakar, amma yau doka da ita take aiki. Wanda ya sayi takardar asalin ƙaramar hukumar da ba tasa ba, ya rubuta a fom cewa shi ɗan Najeriya ne, ya tashi daga baƙon da takardarsa ba ta cika ba ya koma mai laifin ƙarya ga hukuma. Na farkon ana gyara shi a ofis. Na biyun kotu ce, ko a iza ƙeyar mutum zuwa iyaka. Kuma Alhaji ya riga ya buɗe asusu da fasfon Nijar, hoton yatsunsa na nan a BVN a matsayin ɗan Nijar. Gobe ya dawo da wata takarda wai an haife shi a Gwadabawa, kwamfuta ce za ta fara tona shi kafin mutum.

Alhaji, ga yadda abin yake. Nijar da Mali da Burkina Faso sun sanar da ficewa a Janairun 2024, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. To amma a ranar ce ECOWAS ta fitar da sanarwa ga ƙasashen da suka rage, cewa su ci gaba da karɓar fasfo da katin shaida na 'yan ƙasashen ukun masu ɗauke da tambarin ƙungiyar, kuma su bar su su ci gaba da shiga ba biza, da zama, da kafa sana'a, har sai an sanar da wani sabon tsari. Su ma ƙasashen ukun, da suka kafa ƙawancensu mai suna AES, tun a Disambar 2024 suka ce ƙofarsu a buɗe take ga 'yan ECOWAS. Ke nan yarinyar bankin ta yi daidai da ta nemi takardar zama, domin ana neman ta wurin duk baƙon da ke da asusu, amma dalilin da ta kawo bai cika ba. Ko da Nijar ba ta fita ba, da ma can ya kamata a ce kana da katin.

Ɗan Madawa: Barista, Allah shi saka. Amma ban gane wannan na ƙarshe ba. Mu tun tasowarmu abin da munka sani shi ne ɗan ECOWAS ba ya buƙatar komi.

Barista: Nan ne mutanenmu da yawa suke tuntuɓe. Yarjejeniyar zirga-zirga ta 1979 ta ba ka damar shiga ba tare da biza ba, ka zauna har kwana 90, in dai kana ɗauke da takardar tafiya mai kyau kuma ka bi ta mashigar da hukuma ta sani. Kwana 90 ne kawai. 'Yancin zama ya zo ne a ƙarin yarjejeniya ta 1986, na kafa sana'a kuma a 1990, kuma shi zaman da sharaɗinsa: ka kai kanka hukumar shige da fice, a yi maka rajista, a ba ka katin zama na ECOWAS. A nan Legas ofishinsu na Alagbon da ke Ikoyi shi ne wanda kowa ya sani. Za ka tafi da fasfonka wanda bai mutu ba, da kwafinsa, da hotuna, da takardar neman katin, da abin da ke nuna inda kake zaune da sana'ar da kake ci da ita. Mai aiki a ƙarƙashin wani, uban gidansa ne zai rubuta cewa ya ɗauki nauyinsa. Ka biya ta hanyar da hukuma ta tsara, ka riƙe rasit. Katin yana da wa'adi a jikinsa, in ya kusa cika sai a sabunta.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da CERPAC. Wancan katin zama ne na baƙin da ba 'yan ECOWAS ba, irin 'yan Sin da Indiya da Labanan da ke aiki a kamfanoni, kuɗinsa dubban daloli ne. Ba shi ne naka ba a yanzu.

Sani Obalende: Barista ka ce "a yanzu". Wannan ce ta tsaya min a rai.

Barista: Da gangan na faɗe ta. Sanarwar cewa ta yi har sai an sanar da wani tsari. Alfarma ce ta wucin gadi, ba yarjejeniya ce da aka sa wa hannu ta dindindin ba. Shi ya sa nake cewa duk ɗan Nijar da ke da hali ya nemi katin nan tun ƙofa na buɗe. Wanda sunansa ke cikin rajista, da shaidar ya daɗe yana zaune lafiya, ba zai zama ɗaya da wanda ba a san da shi ba ranar da za a zauna a sake lale.

Abba Mai Mashin: Duk wannan Tinubu ne ya jawo. Da bai rufe iyaka ya yanke wa Nijar wuta a 2023 ba, da Tchiani bai yi fushi ya fita ba.

Baban Ummi Agege: To shi wa ya aike shi ya tsare Bazoum?

Admin: Abba, Baban Ummi, ku dakata. Bawan Allah ya kawo matsalar asusunsa, kada mu mayar da ita gardamar soja da farar hula. Mai son wannan ya buɗe wata maganar daban.

Baba Alaba: Salamu alaikum 'ya'yana. Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Baban Ummi, na ji ka ce wa zai bambanta ɗan Madawa da ɗan Illela. Ranar da babu tashin hankali, babu mai tambaya. Amma ni ina Legas a 1983. A watan Janairu gwamnatin Shagari ta bakin ministan cikin gida Alhaji Ali Baba ta ce duk baƙon da ba shi da takarda ya fita cikin mako biyu. Kuɗin mai ya faɗi, aiki ya yi wuya, ga zaɓe yana tahowa, sai aka ce baƙi ne matsalar. Yara yanzu sun ɗauka 'yan Gana kaɗai aka kora saboda sunan da aka sa wa jakar nan, Ghana Must Go. A'a. Mutanen Nijar da Chadi da Togo da Benin duk sun tafi. Na ga mata a hanyar Seme zaune kan ƙullin kaya, da goyo, rana ta dake su kwana da kwanaki, domin a lokacin Gana ta rufe iyakarta sai daga baya Rawlings ya buɗe. Maƙwabcina mutumin Tawa ne, mai gadi, ya sayar da keken ɗinkin matarsa da katifa da rediyo a kuɗin da bai kai na rediyon kaɗai ba. Shi ya raka ni ɗaurin aurena, ni na raka shi tasha. A 1985 kuma aka sake yi lokacin Buhari. Kuma duka wannan bayan an sa hannu a yarjejeniyar 1979 ɗin da Barista ya faɗa. Waɗanda ke da takarda sun zauna. Ɗana ɗan Madawa, ka je ka yi ta gaskiya.

Ɗan Madawa: Baba, Allah shi ƙara girma. Mahaifina na cikin waɗanda sunka dawo gida a wannan shekarar, ya sha ba mu labari.

Malam Nura Idi-Araba: Allah ya saka wa Baba. Kuma kafin nan mu aka fara yi wa. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta kori baƙi marasa takarda, Yarabawa da Hausawa da yawa suka baro Kumasi da Ankara, wasu a can aka haife su. Sai dai ina da ja a kan wani abu, Barista. Na karanta cewa shugabannin ECOWAS sun soke takardar zama tun 2014 a taronsu na Ankara babban birnin Gana, suka ce katin shaida mai hoton yatsa zai maye gurbinta. In haka ne, me ya sa har yau ake neman ta a hannun mutane?

Barista: Malam Nura abin da ka karanta gaskiya ne, an yanke wannan shawara a Yulin 2014. Amma shawarar taro daban, dokar da jami'i ke riƙe da ita a teburinsa daban. Najeriya ta yi sabuwar dokar shige da fice a 2015, da ƙa'idojinta a 2017, kuma hukumar ta ci gaba da yi wa 'yan ECOWAS rajista tana ba da katin zama. Shi kansa katin mai hoton yatsan, Senegal ce ta fara fitar da shi a 2016, sauran ƙasashe suka yi ta jan ƙafa. Ba za ka tsaya gaban mai banki ko jami'i a shingen hanya kana karanto masa sanarwar bayan taro ba. Abin da zai gani a hannunka shi ne zai yi maka aiki.

Sani Obalende: Ni abin da ke hana mutane zuwa ofis ba rashin sani ba ne kaɗai, tsoro ne. Mutum ya shekara goma sha bai taɓa zuwa ba, yau ya kai kansa, ai gani yake kamawa za a yi. Kuma a bara-waccan wani abokina ya je wani ofis, tun daga bakin ƙofa wasu 'yan tsaye suka tare shi, suka ce su ne hanya. Suka karɓi fasfonsa da kuɗi, aka ba shi wata 'yar takarda mai hatimi shuɗi, ba lamba ba sa hannu. Da ƙyar ya karɓo fasfon, kuɗin kuwa sai labari.

Barista: Tsoron yana da tushe, ba zan ce babu ba. Wanda ya daɗe ba rajista za a tambaye shi ta ina ya shigo da yaushe. A 2019 gwamnatin Buhari ta buɗe rajistar baƙi ta intanet tare da afuwar wata shida ga waɗanda ba su da takarda, mutanenmu da yawa suka ƙi zuwa saboda jita-jitar tarko ne. A 2025 ma ma'aikatar cikin gida ta sake ba da lokacin afuwa ga waɗanda suka wuce wa'adin zamansu, ya ƙare a ƙarshen Satumba, tare da sanar da tarar dala 15 a kowace rana ga masu wuce wa'adin biza. Alkiblar a fili take, ana ƙara matsewa ne, ba sassautawa ba. Shawarata kada Alhaji ya tafi shi kaɗai. Ya tafi da takarda daga shugabannin kasuwarsu da ke shaida sun san shi da sana'arsa, da rasit ɗin haya, da mutum ɗaya mai karatu. Ya shiga ciki ya nemi sashen ECOWAS da kansa. Fasfo kuwa kada ya bar hannunsa sai a kan teburin jami'i mai suna a ƙirji.

Hajiya Maman Walida: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in shigo da tawa, don ta daɗe tana damuna. Ni 'yar Katsina ce, maigidana mutumin Maraɗi ne, a Agege muka yi aure, a nan na haifi yarana duka. Babbar za ta shiga jami'a, wajen cike takardu aka ce ta kawo ta asalin ƙaramar hukuma. Dangin babanta suka ce ai ita 'yar Nijar ce, ɗa na uba ne. Yarinya ta kwana tana kuka. Barista, ina matsayin 'ya'yana?

Barista: Hajiya ki share mata hawaye, 'yarki 'yar Najeriya ce ta haihuwa, ba alfarma aka yi mata ba. Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda aka haifa a Najeriya bayan samun 'yanci, in ɗaya daga iyayensa ko ɗaya daga kakanninsa ɗan Najeriya ne, to shi ma ɗan ƙasa ne. Bai ce uba kaɗai ba. Nasaba ta uba ce a addini da al'ada, wannan babu mai ja, amma zama ɗan ƙasa uwa ma tana bayarwa. Ta nemi takardar ta ƙaramar hukumarku ta Katsina, da shaidarki.

Akwai tsohuwar shari'a da ta shafi irin wannan. A 1980 aka ɗauki Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar Borno, aka kai shi Chadi wai ba ɗan Najeriya ba ne. Babbar kotu a Maiduguri ta ce ɗan ƙasa ne, korar haramtacciya ce, ya dawo gidansa.

Maigidanki ne dai aure bai mayar da shi ɗan ƙasa ba. Sashe na 26 ya ba matar da ta auri ɗan Najeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, amma bai ba mijin 'yar Najeriya irin wannan damar ba. Ni a ganina rashin adalci ne, kuma mata sun daɗe suna neman a gyara. Abin da ke akwai gare shi shi ne matsayin baƙo na musamman da ma'aikatar cikin gida ke ba mazan da suka auri 'yan Najeriya, ko katin ECOWAS ɗin nan.

Hajiya Maman Walida: Alhamdu lillahi. Wallahi ka sauke min dutse daga ƙirji. Allah ya raya maka zuri'a.

Ɗan Madawa: To Barista ni kuma fa? Uwargidana daga gida na ɗauko ta, 'yar Galmi ce. Yaranmu duk nan Ketu anka haife su, suna da takardar haihuwa ta hukumar ƙidaya. Yarabanci ma ya fi zama bakinsu bisa Faransanci.

Barista: Alhaji wannan amsar ba za ta yi daɗi ba, amma gara ka ji ta daga nan. Najeriya ba kamar Amurka ba ce, haihuwa a ƙasar kaɗai ba ta sa yaro ya zama ɗan ƙasa. Takardar hukumar ƙidaya shaida ce cewa a nan aka haife shi, ba shaidar ɗan ƙasa ba ce. In kai da mahaifiyarsu da iyayenku duka 'yan Nijar ne, yaran 'yan Nijar ne. Haɗarin shi ne yaro ya girma ba shi da takardar can ba shi da ta nan. Ka kai sunayensu ofishin jakadancin Nijar a Abuja ko ƙaramin ofishin da ke Kano, a san da su. Amma bari in tambaye ka, cikin iyayenka ko na Hajiya babu wanda yake ɗan wannan ɓangaren?

Ɗan Madawa: Iyayenmu duk 'yan can ne. Kakata dai ta wajen uwa, daga ƙasar Gada ta jihar Sakkwato anka auro ta.

Barista: To wannan ta buɗe maka wata ƙofa kai kanka. Sashe na 26 ɗin ya ce baligin da aka haifa a wajen Najeriya, in ɗaya daga kakanninsa ɗan ƙasa ne, yana iya neman rajistar zama ɗan ƙasa. Sai dai za ka kawo hujja, danginta da hakimin garin su tsaya maka. Akwai kuma hanyar sashe na 27, ga wanda ya shekara 15 a ƙasar, mai halin kirki, wanda gwamnan jihar da yake zaune ya shaida jama'ar wurin sun karɓe shi. Shugaban ƙasa ne ke amincewa. Doguwar hanya ce, kuma abu na farko da za a nema shi ne shaidar zaman da ka yi bisa ƙa'ida. Ka ga an sake dawowa kan katin.

Baban Ummi Agege: To ka gani Alhaji, ashe ma kai namu ne. Da ka bi ta Gada tun farko.

Ɗan Madawa: Baban Ummi, akwai bambanci tsakanin in ce kakata 'yar Gada ce, wanda gaskiya ne, da in ce ni a Gada anka haife ni, wanda ƙarya ce. Kuma ni ban zo neman canza ƙasa ba. Gonata na Madawa, kabarin ubana na can, can nike son in ƙare. Legas ta ba ni abinci, ta ba ni mutunci, ban taɓa cin kuɗin kowa ba. Abin da nike so in zauna da sunana na gaskiya, in ga mai kaki a hanya gabana bai faɗi ba.

Abba Mai Mashin: Alhaji ka burge ni. Amma ku sani mu ma 'yan ƙasar ba mu tsira ba. Tun da aka hana acaba a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu a 2022, duk wanda aka kama sai ka ji ana cewa 'yan Nijar ne. Ni ɗan Haɗeja ne. Kun manta 2019 da aka tsare mutum 123 'yan Jigawa da suka shigo Legas a babbar mota da baburansu? Daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba. Ni yanzu ko masallaci zan je da katina nake tafiya.

Malam Nura Idi-Araba: Shi ya sa sayen takardar bogi yake cutar da mu duka, Abba. Duk lokacin da aka kama baƙo da katin zaɓe a aljihu, kamar yadda hukumar shige da fice ta riƙa nunawa gabanin zaɓen 2023, sai a ƙara zargin kowane Bahaushe da ke Kudu. Katin zaɓe na ɗan ƙasa ne kaɗai. NIN kuwa baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida yana iya yin ta a matsayinsa na baƙo, ba sai ya yi ƙarya ba. Katin LASRRA ma haka, na mazauna Legas ne, yana da amfani, amma ba ya maye gurbin izinin zama.

Sani Obalende: 'Yan Chadi da Kamaru da ke cikinmu fa?

Barista: Ƙasashensu ba su taɓa zama cikin ECOWAS ba, katin nan bai shafe su ba. Suna shigowa ba biza na ɗan lokaci saboda yarjejeniyar da ke tsakaninsu da Najeriya, amma zama na dindindin tsarinsa daban ne. Wanda abin ya shafa ya yi min magana ta gefe.

Ɗan Madawa: Na duba fasfon yanzu, saura wata huɗu ya mutu. In tafi da shi haka nan ko in sabunta tukuna? Kuma in an ba ni sabon na AES, wanda babu tambarin ECOWAS, ba zai ɓata mini lissafi ba?

Barista: Ka fara zuwa Alagbon da wannan ɗin tun yana da rai, tunda shi ne mai tambarin da sanarwar ta ambata. Ka gaya musu wa'adin da ya rage, su faɗa maka da bakinsu ko za su karɓa ko sai ka sabunta. In ka sabunta, kada ka yar da tsohon, ka haɗa su wuri ɗaya, hatiman shigarka na cikinsa. Bankin kuma ka rubuta musu takarda cewa ka fara neman katin, ka haɗa da kwafin rasit, ka roƙi ƙarin lokaci.

Baba Alaba: Ku masu fasfo da asusun banki kun ji hanya. Ni yaran nan nake tunani, 'yan ga-ruwa da masu gadi da masu yankan farce, waɗanda ko katin shaidar ƙasarsu ba su da shi, kuma ba sa cikin wannan zauren balle su karanta. Admin, a kai maganar nan gaban sarakunan Hausawa na Agege da Mile 12 da Idi-Araba, a nemi shugabannin 'yan Nijar, a sanar a masallatai bayan Juma'a.

Admin: An karɓa Baba. Malam Nura zai taƙaita bayanin Barista a saƙon murya don waɗanda ba sa karatu. Wanda zai iya raka Alhaji Ikoyi ranar Litinin ya rubuta sunansa a ƙasa.

Sani Obalende: Ni zan raka shi, kusa da ni ne. Alhaji ka taso da wuri saboda cunkoson gadar Third Mainland, mu haɗu a ƙarƙashin gadar Obalende da ƙarfe bakwai.